Juyi a Tsakanin Bokiti Biyu

Karo na tara ke nan da babur ɗin ya mutu a tsakar gida, ya kwanta da maigida a kan kwandon wanki.

Matarsa ta danne dariya da gefen mayafi, ta ɗaga shi. A garejin babanta ta tashi, tun ƙafarta ba ta kai ƙasa ba take juya babur. Amma koya wa miji, mai furfura a gemu, wannan kunyarsa daban ce.

Tun shekaranjiya ya aro babur ɗin, ya kulle ƙofa, ya ce a faɗa wa maƙwabta janareto suke gwadawa. Jarrabawar gobe ce da safe. Juyi ɗaya tak, ba sauke ƙafa. In ya faɗi, aikin ya tafi, gidan da ke haɗe da aikin ma haka.

Da kansa ya jera bokiti biyu na juyin, ya auna tazararsu, ko igiya bai nema ba. Dokokin kuwa kamar ruwa a bakinsa: giya ɗaya, kuloci rabi, totur daidai, birkin baya kaɗan-kaɗan, na gaba ko a mafarki. Har gyara mata ya yi sau biyu. Sai dai da ya hau, hannunsa ya saki kulocin kamar ya taɓa garwashi.

"Maigida," ta ce, idonta a ƙasa, "bokitin kake kallo. Babur inda ido ya je yake zuwa. Ni za ka kalla."

Ta koma bayansa ta tsaya. Ya ja kuloci, ya sassauta shi a hankali har injin ya fara gurnani, ya waiga yana neman fuskarta. Babur ya biyo wuyansa, ya zagayo lafiya lau. Kaji ma suka daina gudu.

Bai yi murna ba. Ya tambaya ko za ta zo filin gobe ta tsaya a bayansa. Ta ce ai ba a barin kowa ya shiga.

Ya ce shi ma ya sani, shi ya kafa dokar, shekara goma sha biyu da suka wuce, ranar da ya fara kayar da masu neman lasisin babur a juyin nan, kafin sabon shugaban ofishinsu ya ce daga gobe mai jarraba mutane shi zai fara hawa ya nuna.