Sandar Malamin da Wayar Babur

Kai da kake cewa ka zaga wurin kowa an rasa gane matsalarka, zauna ka ji wani misali.

An yi wani malamin firamare da yake koyarwa a wani ƙauye mai nisa da garinsu. Tun yana yaro ƙafarsa ta dama ta shanye, da sandar ƙarfe yake dogarawa. Saboda haka da ya tashi sayen babur sai ya zaɓi mai maɓallin tayarwa, don ba shi da ƙafar buga kiki. In zai hau, sai ya ɗaure sandar a gefen babur da robar tsohon tif na taya, ya danna maɓalli, ya kama hanya. Haka ya shekara lafiya lau, sai batir ya fara yi masa tsiya. Yau babur ya tashi, gobe ya yi ƙas-ƙas ya yi shiru. Malam ya tsaya a bakin hanya kamar mai jiran sadaka, har Allah ya kawo wani mai ƙafa biyu ya buga masa. Wannan roƙon shi ya fi komai cin ransa, domin mutum ne da ya tsani a tausaya masa. Ga makara kuma ta yi yawa, har shugaban makaranta ya kira shi ya ce in aka sake, zai rubuta a kawo wani a madadinsa.

Ya kai babur wurin bakanike, aka ce batir ne, aka sa sabo. Kwana tara ya mutu. Wani ya ce ai na'urar caji ce, aka canza. Na uku, wanda ake yi wa kirari da sarkin waya, ya buɗe kwayil, ya ɗora mita, ya murza totur, allura ta tashi cif yadda ake so. Ya dubi malam ya ce, “Malam, babur ɗinka lafiyarsa ƙalau, sai dai in sammu aka yi maka.” Ka ji fa! Mutum ya kasa gane waya, ya koma duba. Duk an bar jaki ana ta dukan taiki, malam kuwa wa'adinsa sai matsowa yake yi.

Ranar wata Asabar ya yi rantsuwa ba zai ci abincin rana ba sai ya ga abin da ke cin batirin nan. Bai san aikin waya ba, amma ya san abu ɗaya: in babur yana caji, fitila takan ƙara haske idan an murza totur. Ya sa maƙwabcinsa ya buga masa, ya shigar da babur cikin zaure inda akwai inuwa, ya haska bango. Ya murza, haske ya ƙaru. Ya zauna a ƙasa ya miƙe ƙafar nan tasa, ya cire murfin gefe, ya riƙa bin wayoyi da yatsa ɗaya bayan ɗaya, ja da rawaya da baƙa, tun daga inji har kan batir. Ya goge tsatsa, ya ɗaure abin da ya yi sako-sako, ya duba fis. Zufa ta jiƙa masa riga, hayaƙi ya sa shi tari, uwargida ta aiko da tuwo har ya huce. Bai ga komai ba. La'asar ta kawo jiki, ransa ya ɓaci ƙwarai, amma ya ce ko sau goma ne zai sake bi.

Can ya ce bari ya ɗan zaga unguwa ya ji ko a tafe ne abin ke faruwa. Ya hau, ya ɗauko sanda ya sa a mazauninta, ya ja roba ya ɗaure tamau yadda ya saba. Yana ɗaurewa, hasken da ke bango ya dusashe. Ya murza totur, ko gezau. Ya kwance sandar, haske ya dawo. Ya sake ɗaurewa, ya sake dusashewa. Sai ya sauka, ya leƙa daidai inda gindin sandar yake zama. Ashe nan wayar caji ta bi ta jikin ƙarfen babur. Shekara guda sanda tana gurzarta, har zaren cikinta ya tsinke ba tare da fatar ta yage ba. In babu sanda, bakin wayar ya haɗu, caji ya tafi. In an ɗaure sanda, ta danne wayar ta raba bakin. Su kuwa kanikawa ina za su gani? Duk lokacin da ya isa gareji, abu na farko da yake yi shi ne ya kwance sandarsa ya dogara ya tsaya, su kuma su gwada babur ɗin da ba shi ne yake hawa ba.

Malam ya yi dariya har da ƙwalla. Ya yanke wurin, ya haɗa wayar, ya naɗe da salatif, ya mayar da ita ta bayan ƙarfe inda sanda ba za ta kai ba. Ranar Litinin da ya danna maɓalli, bugu ɗaya babur ya amsa. Shugaban makaranta ya iso ya tarar da shi zaune a ƙofar aji, sandarsa a jingine, yana duba littattafan yara.

To kai ma, kafin ka ƙara zuwa wurin wani, koma ka duba abin da kake yi kullum wanda masu ba ka shawara ba su taɓa gani ba. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.