Kofaton Manaja

Da hannunsa Baba Maƙeri ya zare ƙusa ta ƙarshe daga kofaton Manaja, yana yi yana tsaki. Rayuwarsa kaf a kan buga wa dawaki takalmin ƙarfe ta ƙare, yau kuma masu barga sun ce dokin da ya yi ritaya ya fi lafiya ba takalmi.

Manaja tsohon doki ne, an sa masa sunan ne don ba abin da ya iya kamar tsayawa yana kallon wasu suna aiki. Da bargar ta sallame su tare, sai Baba ya jawo abinsa bayan gida ya kafa masa rumfa. Tun rasuwar matarsa, da shi kaɗai yake hira.

Takalmi na fita, doki ya soma taka tsakuwa kamar mai tafiya a kan garwashi. Hankalin Baba ya tashi.

Auta, 'yarsa, ta ce za ta kawo likitan dabbobi. Ita dai ta daɗe da daina yi wa ubanta maganar asibiti, don ta gaji da jin cewa shi jikinsa ƙarfe ne, kuma yawan ƙishirwa ai ba ciwo ba ne.

Likitan ya zo da takalmi mai ƙyalli, ya coge can bakin rumfa. Manaja ya kaɗa wutsiya, bawan Allah ya ja da baya har ya yi karo da bokiti. Baba ya dube shi sama da ƙasa, ya ce a ransa, lallai karatu ya lalace.

"Sukari ne ya yi masa yawa a jini, Baba," in ji likita. "Shi ke cin kofaton ta ciki. In ba a tare ba, wata rana kwanciya zai yi ya kasa tashi. Ka fi ni sanin abin da ake yi wa dokin da ya kasa tashi."

Baba ya sani sarai. Ya sha riƙe wa wasu dawakin kai ana kashe su.

Dokoki suka biyo baya. Ba hatsi, ba dusa. Busasshiyar ciyawa, ita ma sai an jiƙa ta an zubar da ruwan. Garin sinadarai cokali guda, da gishirin lasa. Tafiya safe da yamma, don kofato da motsi yake yin ƙwari, amma ba a hau, a ja shi da ƙafa. Kullum a wanke ƙafafunsa a duba, mai kula ma ya wanke nasa ya duba tsakanin yatsu, kada ya kwaso masa cuta.

"Sai kuma mai wuyar," in ji likita, yana kallon kofin shayin da ke hannun Baba. "Doki na lasar hannun mai shi. Sukarin da ka sha yana fita a gumi."

Baba mutum ne da sai cokali ya kusa tsayuwa a shayinsa don yawan sukari. Aljihunsa ba ya rabo da alewa, lemon kwalba kuwa ruwan shansa ne. Ya dubi kofi, ya dubi Manaja, ya tuttular da shayin a gindin katanga.

Kwanakin farko ya sha wuya. Kafin su kai ƙarshen layi yana haki, doki na ɗingishi, shi ma yana ɗingishi, maƙwabta sun rasa wa za su yi wa sannu. Mai shagon da yake sayen alewa ya aiko a tambaya ko an yi masa laifi ne. Baba bai kula kowa ba. Tsoro yake ji, tsoro na gaske, kada ya wayi gari ya tarar da Manaja kwance.

Likita kan leƙo jefi-jefi. Har yau bai taɓa ɗaga kofato ko ɗaya ba. Daga nesa yake tambaya, ya cin abinci, ya barci, tafiyar har ina ake kaiwa yanzu. Gyaran kofato da magagari Baba ke yin abinsa, yana mita cewa wasu dai kuɗin makarantarsu asara ne.

A hankali tafin kofato ya yi tauri, sabon kofato ya sauko sumul ba tsaga. Tafiya ta wuce layi, ta wuce gada, ta kai gefen gari. Baba ya ƙara wa ɗamararsa huji, bai ma kawo komai a ransa ba.

Ran nan yana goge kofaton baya, Manaja ya sauke masa ƙafa a kan babban yatsan ƙafarsa, ya kuma tsaya abinsa yana kallon gefe. Jini ya ɓalle. Wannan karon Auta ba ta tambayi ra'ayinsa ba, ta tura shi mota.

Nas ta wanke ciwon, ta ce ya gode Allah ba ƙarfe a ƙafar dokin. Ta soki yatsan hannunsa, ta dubi na'ura, ta gyaɗa kai. Ta ce sai babban likitan masu ciwon sukari ya ga ƙafar tukuna. Auta ta ce ita za ta jira a waje, ta duƙufa kan wayarta.

Baba ya tura ƙofa da ɗingishi. A bayan tebur, cikin farar riga, ga mutumin nan mai tsoron wutsiyar doki.

"A'a, likita, me ya kawo ka asibitin mutane?"

"Nan ne wurin aikina, Baba," in ji shi, yana jawo masa kujera. "Ni ban san komai a kan doki ba. Auta ce ta tambayo masu barga, suka ce duk wanda aka cire wa takalmi haka yake takawa kafin ya saba. Manaja lafiyarsa ƙalau, tun ranar farko kai nake yi wa magani."