In Na Warke Fa?

Hidaya shekararta talatin, malamar Islamiyya ce a Dogon Daji, kuma duk mako ake kai ta Sakkwato wankin ƙoda. Mutawakkil, akawun da ya ɗauke ƙafa daga zuwa zance wurinta tun bayyanar ciwon, yau ya dawo. Idonsa na kan kumburarrun ƙafafunta.

"Inshorar lafiya ta ofishinmu tana ɗaukar matar ma'aikaci. Ki bari a ɗaura auren, Malama."

Ta daɗe tana dubansa. Mahaifinta ya riga ya sayar da gonarsa don biyan kuɗin wankin.

"Yau ni ce Malama? To, in na warke fa? Mi za ka yi da ni?"

Ya hau juya makullin babur a hannunsa.

Ta tura masa ledar lemun da ya kawo, ta dafa bango ta shige gida.