Motar da Ba Ta Ciwo a Kwance

Akwai wata mata da mijinta ya rasu ya bar mata 'ya'ya uku da tsohuwar mota, irin mai canza giya da kanta, wadda ake ce wa otomatik. Da ta fita takaba ba ta zauna jiran hannun dangi ba. Ta koyi tuƙi a filin ƙwallon unguwa, ta shiga kai yaran maƙwabta makaranta tana ɗauko su, kuma da wannan take ci da gidanta. Shekara biyu Allah ya rufa asiri, sai motar ta ɓullo da wani hali. Da safe lafiya lau take tashi. Amma in an gama kwasar yara, inji ya ɗauki zafi, aka zo hawan gadar da ke gaban kasuwa, sai ta taka totur ta ji inji yana kururuwa, mota kuwa tana jan ciki, giya ba za ta shiga ba sai da wata zabura mai haɗa kawunan yara. Sau uku a mako guda suka tarar an rufe ƙofar makaranta. Iyayen suka aiko mata cikin mutunci cewa in abin bai gyaru ba zuwa Litinin, za su nemi mai adaidaita.

Gareji huɗu ta zaga, kuma duk abu ɗaya aka yi mata. Tana isa za a ce ta kashe ta jira a gama da na gabanta. Motar ta yi awa biyu a inuwa ta huce sarai, sannan bakanike ya zo ya zaro sandar gwajin man giya, inji a kashe, yadda ya saba duba baƙin mai, ya ga mai ya kai layi. Ya tada ta, ya zaga fili, ta tafi sumul. In matar ta fara bayanin gada da nauyin yara sai a katse ta: "Hajiya, ke naki tuƙi, gyara namu ne." Wani ya ce ƙafarta ce ba ta iya taka totur ba. Wani ya ce giyar ta mutu, sai dai a sauke a sa wata ta hannu, 'yar Beljiyam. Ƙanin mijinta ma da ya ji labari dariya ya yi, ya ce, "Matar yaya, ki sallama wa 'yan gwangwan tun da sauran fenti a jikinta." Ba ta yi musu da kowa ba. Ta kai kukanta ga Allah a sujada, amma ba ta yarda ta ƙaryata kunnenta ba, don ita ce ke zaune a bayan sitiyarin nan kullum.

Ranar Asabar ta aro buhun masara biyu wurin maƙwabciyarta, aka ɗora mata a kujerar baya a madadin yaran. Ta nufi garejin wani dattijo da ke ƙarƙashin darbejiya a bayan tasha. Shi ma ya yi mata nuni da hannu ta ajiye ta kashe. Ta leƙo ta taga, ta gaishe shi, ta ce, "Baba, ka yi haƙuri, ba zan kashe ta ba. A kwance ba ta ciwo. Ka shigo in kai ka inda take yi."

Dattijon ya dubi buhunan, ya dube ta. Ya ce, "'Yar nan, da furfurata za ki mayar da ni makaranta?" Amma ya goge hannu ya shiga.

Ta bi da shi hanyarta ta kullum, lungu lungu, tana tsayawa a ƙofar kowane gida kamar mai jiran yaro ya ɗaura takalmi. Da suka zo hawan gadar, motar ta yi abin da ta saba. Dattijon ya sa ta gangara ta tsaya inda ƙasa take a miƙe, ya ce ta bar injin a kunne. Ya zaro sandar, sai ga shi bakinta kawai mai ya taɓa. Ya shafa a farar takarda ya shinshina: da sauran jansa, babu ƙauri. Ya ce, "Giyarki ba ta mutu ba, ƙishirwa take ji. In an kashe inji, man yakan gangara ya taru, sanda ta nuna a cike. Irin wannan da zafinta ake gwada ta, tana aiki." Ya shimfiɗa kwali ya shiga ƙarƙashi, ya gano tiyon da ke kai man giya lagireto don ya huce ya tsage. Tsagar ba ta buɗewa sai ya yi zafi, shi ya sa man yake ɗiga a kan kwalta, bai taɓa ɓata tsakar gidanta ba. Kafin azahar ya canza tiyon, ya cika mai, suka sake hawa gadar da masararsu, giya tana shiga ɗaya bayan ɗaya ba gardama.

Ranar Litinin yaran suna cikin aji kafin a kaɗa ƙararrawa.

Waɗancan huɗun ba jahilai ba ne, kowannensu ya fi ta sanin ƙarfe. Sai dai sun duba mota, ba su saurari mai ita ba. Hausawa kuwa sun ce, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.