Amfilifaya Mara Rediyo

An yi wani mai gyaran rediyo a bakin kasuwa, yana kuma sayar da kayan sauti na hannu. Wata rana wani dattijo, tsohon direban jirgin ƙasa, ya zo shagonsa da abokansa uku na majalisa. Rediyon gidansa ce ta ƙone, yana neman madadinta. Mai gyaran ya sauko masa da na'ura biyu. Ɗaya amfilifaya ce zalla: ta karɓi kiɗa daga kaset ta tura wa sifika, sautinta tas, ka ce makaɗin yana zaune a ɗakin, amma ba ta kama tasha ko guda. Ɗayar kuwa da rediyo a cikinta, sai dai sautinta bai kai na farkon ba. Ya ce, "Baba, me aka fi saurare a gidanka?" Kafin dattijon ya buɗe baki abokan sun karɓe zancen. Wannan ya ce surukinsa na Legas irin ta farkon ke gare shi. Wancan ya ce mai rediyon ai kayan teburin mai shayi ce. Na ukun, wanda kunnensa ɗaya ma ya daɗe da mutuwa, ya ɗaga su ɗaya bayan ɗaya ya ce mai nauyin, wato ta farkon, ita ce ta gaskiya. Sau uku mai gyaran yana maimaita tambayarsa, sau uku ana amsa masa da labarin Legas. Takaici ya ishe shi, ya ɗaure musu amfilifayar a kwali, ya koma kan aikinsa yana tsaki.

Kwana tara sai ga dattijon a bayan babur, rungume da kwalin, shi kaɗai. Ashe uwargidansa idonta ya yi rauni, rediyo ce abokiyar hirarta tun daga hantsi har la'asar: labarai, wasan kwaikwayo, sanarwar aure da ta rasuwa. Shi kuwa kaset ɗinsa duka-duka huɗu ne, biyu ma sun tsinke. A cikin kwanakin nan ƙawarta ta ƙuruciya ta rasu a wata unguwa, aka yi ta sanarwa a rediyo, ba ta ji ba sai bayan addu'ar uku. Tun ranar ba ta ƙara ce masa komai ba ban da gaisuwa. Dattijon ya roƙi mai gyaran ya musanya masa da mai rediyon, alhali tuni wani tela ya saye ta. Mai gyaran ya dube shi, ya dubi kwalin, ya ce, "Baba, a gabana ka tsaya kamar an ɗinke maka baki! Abokan naka ne za su kwana a gidanka?" Dattijon ya sunkuyar da kai. Haushi bai hana mai gyaran tausayi ba. Ya tono wata ƙaramar rediyo mai fasasshen murfi daga cikin tarkace, ya jona ta da amfilifayar da waya, ya naɗe da salatif. Haka aka kai ta gida, ba kyan gani, tana shuu in an taɓa ta, amma tsohuwa ta samu tasharta.

To, in ka tashi sayen abin gidanka, tambayi masu sani, amma kada ka bar su su amsa abin da kai kaɗai ka sani. Hausawa dai sun ce, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.