Ranar da Aka Raba Raili da Majigi

Raili na cikin goge idon majigi Sinikka ta leƙo ɗan ɗakin, ƙamshin turarenta ya riga ta shigowa.

"Yau ba ke za ki kunna ba. Venla za ta yi. Na ajiye miki kujera a gaba."

"A gaba? Ni da ko a coci ban taɓa zaman gaba ba?"

"To yau za ki fara. Kuma don Allah ki cire rigar sanyin nan, sai ka ce wadda ta fito daga rumbun dankali."

Ta juya ta tafi, ba ta jira amsa ba. Dama can ba ta saba jira ba.

Jirgi ɗaya ya kwaso su biyun daga Kainuu ta ƙasar Finland suna 'yan mata, ya sauke su a garin Borås na Sweden, aikin masaƙa. Kafin ƙanƙarar farko ta narke Sinikka ta iya yaren Sweden har da barkwanci. Raili kuwa ta tsufa tana jin kunyar bakinta a gaban mai sayar da madara.

Da 'yan Finland na garin suka fara haɗuwa Lahadin ƙarshen wata don kallon finafinan gida, Raili ce ta koyi majigi. Ita ke ɗauko gwangwanayen fim daga tasha a bayan keke. Ita ke jera kujeru, ta dafa kofi, ta gasa burodin kirfa. Idan an hallara sai Sinikka ta fito da jan baki, ta faɗi 'yan kalmomi, a tafa mata. Zamani ya canja, gwangwanaye suka ɓace, inji ya koma ɗan mitsitsi, amma rabon aikin bai canja ba.

Raili ta haɗiye wannan duka. Abin da ya ƙi haɗiyuwa shi ne zuwan Venla.

Yarinya ce mai shirya fim, ta zo daga Oulu ta Finland da bazara, ta sauka a gidan Sinikka. Kullum suna tare, kyamara na gabansu. Sinikka ta zo har gida ta kwashe tsofaffin hotunan Raili, wai na ƙungiya ake nema. Ita yarinyar kuwa in ta shigo ɗakin majigi sai ta ce, "Ci gaba da aikinki, haske nake gwadawa." Ko sunanta ba ta taɓa tambaya ba.

Daga baya aka ji Sinikka za ta koma Finland gaba ɗaya, wurin ɗanta a Kajaani. Nan Raili ta gane komai. Fim ɗin sallama ake haɗa wa Sinikka, uwar ƙungiya. Shi ya sa in ita Raili ta tunkari mutane a teburin kofi sai su canja magana.

Yau zauren ya cika har da tsaye. Tsofaffin abokan masaƙa sun zo da sanduna, jikokinsu na biye. Raili ta ratsa su da rigar sanyinta, ta ƙi cirewa. Duk wanda ta wuce sai ya bi ta da murmushi. Tausayi ne, ta san shi in ta gan shi.

Ta zauna. Daga nan gaba allon ya yi mata girma, kamar zai faɗo a kanta. Ta waiga, ta hango yarinyar a ɗakinta, a kan kujerarta, tana taɓa injinta.

Sinikka ta fito, aka tafa tun ba ta buɗe baki ba.

"'Yan uwa, kun san ni da surutu, amma yau ba zan..."

"Yau ma za ki yi," in ji Raili.

Ta miƙe tsaye, ta juyo ga jama'a.

"Ku tambaye ta nauyin gwangwani ɗaya. Ku tambaye ta ina makunnin fitila yake a zauren nan. Kujera ɗaya ba ta taɓa ɗagawa ba! Na daskare a tasha, na ƙona yatsuna a injin can, ita tana gaban madubi. Yanzu kuma an kore ni daga ɗakina, an dasa ni a nan don in tafa mata."

Wani tsoho ya sunkuyar da kai.

"Raili," Sinikka ta ce a hankali, "zauna ki kalla. In an gama sai ki zage ni."

"Ki kalli kanki ke kaɗai. Kin saba. Allah ya kai ki Kajaani lafiya, kada ki wahalar da kanki da sallama."

Ta ga fuskar Sinikka ta faɗa, jan bakin ya yi wani iri a kanta. Ta ji daɗi, sannan daɗin ya wuce tun ba ta kai ƙofa ba.

Tana soro tana ɗaura takalmi aka kashe fitilu a ciki. Kiɗa ya taso can ƙasa-ƙasa. Yarinyar ba ta san masu zaman baya kurame ne ba. Raili ta yi tsaki, ta kama hanyar waje, ta tsaya, ta dawo. Zuciya daban, aiki daban. Ta tura ƙofar zauren don ta ce a ƙara sauti.

Venla ta riga ta. Muryar Sinikka ta cika zauren, tana fitowa daga allo, ba wasa a cikinta ko kaɗan.

"Sunanta Raili, kuma wannan fim nata ne. Ni tsayuwa a gaba kawai na iya, kuma tun muna cikin jirgi nake kishinta."