Daga Hannuna Kawai

Mutum bakwai aka kwaso daga gonar Maikano ranar gayyar yankan dawa, a bayan motar ɗaukar kaya, suna amai suna dalalar da miyau. Kafin a iso asibiti a Kontagora, Silas, ƙanen mai gonar, ya cika. Sauran shida aka ɗaura musu ruwa. Maikano yana ɗakin maza bai san wanda ke kansa ba. A ɗakin mata kuma ga Janet, 'yarsa tilo, wadda ta zo daga makarantar koyon ɗinki don kawai ta taya ɗaurin dami.

Marta, uwar Janet, ko ciwon kai ba ta yi ba. Ita ta yi girkin gayyar, mai girki kuwa sai kowa ya ƙoshi take zama. Kafin ta kai loma baki mutane sun fara zubewa a kunyoyin gona.

Duk ƙauyen an san Marta da abu biyu, tsafta da tattali. Tukunyarta sai ka ga fuskarka a jiki. Ba ta yar da komai: buhun taki ya zama shimfiɗar shanya, gwangwanin madara ya zama ma'ajin gishiri. Mata har tsokanarta suke, wai ko ƙura ta share sai ta nemi inda za ta adana ta.

Washegari wata ma'aikaciyar lafiya mai suna Mu'minat, wadda ke zagaya ƙauyuka, ta zauna kusa da ita da biro da takarda.

"Mama, me da me suka ci?"

"Tuwon sabuwar masara da miyar kuɓewa, sai kunun tsamiya. Duk daga hannuna. Sai alalan da Salihatu ta aiko." Marta ta yi ƙwafa. "Rubuta wannan da kyau, 'yata."

Salihatu maƙwabciyarsu ce. Bara awakinta suka cinye wa Marta gyaɗa, aka yi cacar baki har gaban mai unguwa, tun daga nan gaisuwa ma sama-sama ake yi. Mu'minat ta ce ba lallai da gangan ba ne, wasu kan zuba wa wake maganin ƙwari don ajiya, za ta je ta duba. Marta ba ta ji wannan ba. Ita dai ta riga ta yanke hukunci, kuma kafin a binne Silas rabin ƙauyen sun yanke tare da ita. Salihatu ta zo asibiti da kuka tana rantsuwa cewa 'ya'yanta ma sun ci alalan nan. Marta ta kore ta tun daga bakin ƙofa.

Kwana uku tana zaune a kan ɗan benci tana kallon ƙirjin 'yarta yana hawa yana sauka. Dawa tana can yashe a gona, tsuntsaye suna biki. Ba ta damu ba. Haihuwa biyar ta yi, wannan kaɗai ta tsaya mata.

Rana ta huɗu da hantsi Janet ta buɗe ido ta ce, "Mama." Likita ya duba ta, ya ce ta tsallake, a fara ba ta abu mai ruwa-ruwa kaɗan-kaɗan.

Nan take matan coci suka miƙo koko a kwano. Wata mai jinya a gadon gefe ta miƙo shayi. Marta ta ture duka.

"Kun gode. Amma daga yau babu abin da zai shiga cikin yarinyar nan sai daga hannuna kawai."

Ta hau acaɓa har gida. Ta surfa gero, ta niƙa, ta tace, ta jiƙa tsamiya, ko ruwan ma da kanta ta jawo daga rijiya. Jarkar da ta kai kunu gona ta ɓata a hargitsin ranar nan, sai ta ɗauko 'yar'uwarta a gindin rumbu. Ta wanke ta da sabulu, ta sake da toka, ta ɗauraye sau uku. Ta juye kunun da zafinsa, ta murɗa murfi, ta rungume ta a ƙirji har Kontagora.

Janet ta kurɓa ta yamutsa fuska. "Mama, kamar da ɗan ɗaci."

"Bakin mara lafiya ne. Shanye, uwata."

Ta shanye. Marta ta ƙara mata kofi na biyu, ta tallafe mata kai har ya ƙare. Rabon da ta ji sanyi a ranta haka tun kafin gayya. Ta ma ware ragowar a ranta, da yamma ta kai wa Maikano idan ya farka.

Ana haka Mu'minat ta shigo, takalmanta duk jar ƙasa.

"Mama, daga wajen Salihatu nake. Wakenta sabo ne, a kwansonsa ma na tarar da shi, ko rumbu bai shiga ba. Babu magani a jikinsa."

"Ai ba za ta nuna miki na gaskiyar ba."

Mu'minat ta kai dubanta ƙasa. Idonta yana ƙarƙashin gado. Ta sunkuya ta jawo jarkar, ta buɗe murfin ta sansana, ta dubi kofin da ke hannun Janet, babu ko ɗigo a ciki. Muryarta ta yi ƙasa.

"Mama, wannan jarkar fa, daga ina?"

Marta ta gyara ɗaurin zani, har da ɗan murmushin mai jiran yabo.

"Ta maganin feshin babansu ce, ya ƙare tun damina. Biyu ne, da ɗayar na kai kunu gona. Kada ki damu, 'yata, na wanke su tas."